Ƙwallon da Ya Zaunar da Baba Manu

Ku da kuke cika mini benci kuna cajin waya, kuna cewa Ummaru ya dace da sana'ar hutu, iskar Allah kawai yake sayarwa, ku matso kusa. Jiya na ji ɗayanku, ba zan kama suna ba, yana cewa wai ko akuya aka miƙa wa famfo za ta hura ƙwallon nan na motsa jiki. To madalla. Ga famfo can a rataye, ga ƙwallon wata Hajiya da aka kawo da safe. Wanda ya isa ya tashi ya hura, in ta zauna ta kife sai ya je ya yi wa 'ya'yanta bayani da bakinsa. Shiru? To ku gyara zama ku ji.

Aikin farko da aka ba ni a rumfar nan tub ne na keken wani mai tallan kifi. Maigidana Baba Manu, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya turo mini daro da ruwa ya ce in nemo hujin. Na hura, na nutsa, na ga kumfa, na soka tsinken ashana a wurin, na ɗago ina washe baki. Ko kallona bai yi ba. Ya ce in zagaya tub ɗin har in dawo inda na fara. Ashe akwai wasu hujin a gaba. Haka ya bi da ni a sauran: a goge wurin da guntun zarto har ya yi kaushi, a shafa gam sama-sama, a jira sai ya daina kama bayan yatsa, sannan a ɗora faci. Kafin a mayar da tub kuma a zura hannu cikin taya a lalubo ƙayar da ta yi ɓarnar, in ba haka ba mutum bai kai ko Sharabi nan kusa ba zai dawo yana turo keke yana ambaton iyayenka.

Babban karatun dai yana babban yatsa. Baba Manu bai taɓa mallakar abin auna iska ba. Danna taya yake yi da yatsa, ya ɗan karkata kai, ya ce a ƙara ko a rage. Kuma ba ya yarda a sa wa taya iska sai an tambayi mai ita inda za shi da abin da ya ɗauko. Mai bin kwalta da buhun shinkafa daban, mai shiga rairayin Geza da matarsa a baya daban. Gajeren mutum ne, ƙaƙƙarfa, ba ya zama a benci don ƙafarsa ba ta kai ƙasa yadda yake so. Wani tsohon rim na mota ya kifa, ya ɗora masa katako, a nan ya ƙare ƙuruciyarsa. Duk shekarun da na yi a hannunsa bai taɓa ce mini na yi daidai ba. In aiki ya yi kyau sai ya ce wa mai mashin, “Tahi da ita.” Shi ke nan yabon. Amma ranar da ya gaji ya ce zai koma gona a Geza, haka ya bar mini rumfa da inji da liba ta ɓalle taya da daro, har rim ɗin, bai nemi komai ba. Duk abin da na ci a duniyar nan ta hannun mutumin nan ya biyo.

Shekarar da aka rufe boda ita ta nuna mini iyakata. Mashinan da ke wuni suna zirga-zirga tsakanin nan da Benin da shinkafa da mai da atamfa, su ne abincinmu. Aka wayi gari hanya ta yi tsit. Waɗanda suka ci gaba da ratsawa ta daji ba sa biyowa ta bakin titi balle su tsaya a sa musu iska. Sai in buɗe rumfa da safe, in tayar da inji don kawai in ji ƙararsa, in yi maza in kashe kada mai ya ƙone. Ruwan daro har gansakuka ya yi. Na fara yi wa injin kallon abin sayarwa, ina tunanin in sauka fadama in yi ƙwadago.

Ana cikin haka wata rana da hantsi wata mata ta sauko daga mota da wani abu a ninke kamar tsohuwar ledar shimfiɗa, shuɗi. Malama Saratu ke nan, likitar gashin ƙashi, wato masu koya wa jiki motsi bayan karaya ko shanyewar ɓarin jiki. Daga Birnin Kebbi take zuwa asibitin garin nan lokaci-lokaci. Ta ce famfonta ya lalace, ko zan hura mata. Na jawo bututun inji, ta ce a'a, na hannu, kuma sannu-sannu. Abu ya yi ta tashi, ya yi ta tashi, har ya fi tulun ruwa girma. 'Yan kabu-kabu da ke gyangyaɗi a inuwa suka farka. Bai gama cika ba ta ce in tsaya.

“Sabo ne,” in ji ta. “Ba a cika sabo rana ɗaya. A bar shi ya kwana roba ta saki, gobe a ƙarasa.”

Washegari ta dawo muka ƙarasa. Ta cire takalmi, ta zauna a kansa nan bakin titi, jama'a na dariya, ita ko a jikinta. Ta nuna mini tafin ƙafarta shimfiɗe a ƙasa, cinyarta a miƙe kamar ta mai zama a benci, gwiwa ba ta fi ƙugu tsawo ba. Ta ce haka ake gane ƙwallo na mutum ne. Na danna da yatsa na ce, “Likita, wa zai hau, kuma ina za shi?” Ta dube ni. Na ce haka maigidana ya koya mini a taya. Ta ce to maigidana ya gama koya mini rabin aikin, don mai rauni ƙwallo mai ɗan laushi yake so, ya fi zama wuri ɗaya, wanda ya fara ƙarfi kuwa a ƙara masa iska ya riƙa motsi a ƙarƙashinsa, jikinsa ya koyi riƙe kansa.

Daga nan ta fara turo mini mutanenta, don ita ba kullum take gari ba, ƙwallo kuwa yana saki, zafi kuma yana kumbura shi. Ta koya mini 'yan motsi kaɗan in riƙa tuna wa mutane, ta kuma ja mini layi. Ta ce ni ba likita ba ne, duk wanda ciwo ke sauko masa har ƙafa, ko jiri ke ɗibarsa, ko yake da hawan jini, kada in ɗora shi sai ta gani. Har yau ban tsallake layin nan ba. Sai ga 'yan kabu-kabu masu ciwon baya, ga ma'aikatan sakatariya masu tumbi, ga magidanta suna zuwa a kunyace suna cewa an ce matarsu mai ciki ta riƙa zama a kai. Ban yi arziki ba, amma ban sayar da inji ba, tukunya kuma ba ta sauka ba. Allah Ya saka wa matar nan da alheri.

Yanzu ku da kuke cewa iska ce kawai. In aka kawo mini ƙwallo daga kayan Kwatano, taɓa fatarsa nake fara yi. Mai sheƙi, siriri, mai warin sabon bokiti, wannan in ƙaya ta soke shi fashewa yake yi lokaci ɗaya, mutum ya sami kansa a ƙasa da ƙashin gindi. Mai kauri, mai ɗan kaushi, shi huci yake yi a hankali har ka samu ka tashi. Na gwanjo kuwa sai ya sha ruwan sabulu ko'ina, kamar yadda aka koya mini a tub, har bakin toshiyarsa. In na kai gida sai na duba ɗakin da kaina. A share tsaf, don ƙwayar tsidau ɗaya ta isa. Ba a ɗora shi a tabarmar roba, santsi take. Ba a barinsa a rana, ba a ajiye shi kusa da murhu. A zauna ba takalmi, a fidda makulli da reza daga aljihu, makiyayi ya kwance wuƙarsa. Sannan abin da ke ba mutane haushi: ƙwallon da ya huje ba na yi masa faci. Wani malamin makaranta har cewa ya yi, “Kai da sunanka Ummaru Faci?” Na ce masa taya in ta saki mutum yana da ƙafa biyu da zai dire, wanda ke kan ƙwallo kuwa sau da yawa ƙafar ce ba shi da ita.

Aikin da ya fi kowanne a wurina bayan an buɗe boda ya zo. An gama girbi ke nan aka ce mini Baba Manu ya faɗi a gona, ɓarinsa na hagu ya shanye. Kun san yadda ake fito da marar lafiya daga ƙauye. Aka ɗora shi a mashin, aka ɗaure shi da rawani a bayan babban ɗansa Bello, wani ya zauna a baya ya tallafe shi. Haka aka ratsa da shi ta tsakiyar Bagudo, ta gaban rumfar nan, kansa na lilo, mutanen da ya yi wa faci shekara da shekaru suna miƙewa suna kallo. Haka kuma aka mayar da shi da aka sallame shi. Yana sauka a Geza ya ce, da bakin da ya karkace, shi da mashin har abada, sai in zai iya zama da kansa ba ɗauri.

Malama Saratu ta gan shi a asibiti. Ta ce ƙafa da hannu za su ɗan dawo in an dage, amma zama ne farko, kuma ƙwallo zai taimaka. Bello ɗan kasuwa ne, yana shirin ƙetarawa sarin kaya, sai ta ce ya auno mata tsawon ƙafar tsohon daga ƙasa zuwa gwiwa kafin ya saya. Bello, yaron kirki, ya koma gida ya duba tsakar gida bai ga abin awo ba. Ga karan dawa an tara jingim. Ya karyo ɗaya, ya shiga ɗaki, ya durƙusa gaban gadon uban ya miƙa karan a jikinsa.

Uwarsa, Inna Hauwa, tana shigowa da kunu ta saki kwanon tana salati. Ba sai na gaya muku abin da muke aunawa da kara ba. Gawa ce, in za a tafi haƙa kabari. Baba Manu ya dubi karan, ya dubi ɗansa, ya ce, “Tun yanzu, Bello?” Sannan ya juya fuska bango.

Bello ya jefar da karan ya fita da hawaye. Da ya je kasuwa ba shi da awo, kuma yana son ya wanke kansa, sai ya ce a ba shi mafi girma a shagon, wanda ya dace da babban mutum. Aka kira ni in hura. Tun yana ninke na san ba na Baba ba ne, amma na hura don kowa ya gani da idonsa. Muka ɗaga tsohon muka ɗora. Ƙafafunsa suka tsaya a sama suna reto, yatsu kawai ke shafar ƙasa. Ƙwallo ya gangara, tsohon ya tafi luu ta hagu, muka cafe shi. Na ga tsoro a idon mutumin da ban taɓa ganin ya ji tsoron komai ba, abin ya soke ni. Ya ce a fitar masa da abin wasan yara daga ɗaki.

A kwanakin ne saƙo ya zo daga ƙetare. Baba Manu yana da yaya, Gwaggo Kulu, wadda aka aurar tun da daɗewa a wani ƙauye cikin Benin, gaba da Tsamiya. Ita ta raine shi bayan uwarsu ta rasu. Ta makance, ta kwanta, jiki ya ƙi. Ta aiko cewa ta ji abin da ya same shi, ita ba ta iya zuwa, ya zo ta taɓa shi da hannunta kafin ta tafi. Mota ba ta shiga ƙauyen nan, sai mashin. Kuma akwai rafi a hanya, da damina ta kankama ya cika, babu mai wucewa sai bayan kaka. Bello ya ce za su ɗaure shi da kyau su kai shi, ba wanda zai gani sai daji.

“Ba ni tahiya,” in ji Baba. “Kulu ta ɗaura ni ga bayanta ina jinjiri. Ba ni zuwa mata ɗaure ga bayan ɗana da farin gemu.”

Aka yi lallashi, aka kawo liman, ya ƙi. Ni na san shi. In ya ce ba ya yi, to a nemi wata hanya.

Na dawo rumfa raina a ɓace, na zube a kan rim ɗinsa. Gwiwoyina suka taso sama kamar kullum, don ni dogo ne, kujerar ba tawa ba ce. Nan abin ya faɗo mini. Mutumin nan ya riga ya auna kansa da kansa tun kafin a haifi Bello. Na ɗauko ƙaramin ƙwallo mai kauri, na hura shi ya kwana, na ƙarasa da safe. Na ajiye shi gefen rim, na gitta katako a kansu, na bar ƙwallon ya ɗan ɗara kaɗan saboda lotsawar da zai yi in an zauna. Na kira Malama Saratu na gaya mata. Ta ce daidai, amma a samo abin da zai hana shi gangarawa. Na ce wannan kuma ai gidan taya aka zo. Na zaɓo tsohuwar tayar mota, na wanke, na lalube cikinta kaf ba waya ba ƙusa. Na ɗaure su duka a mashin har da rim ɗin, sai Geza.

Na shimfiɗa tayar a ɗakinsa, na zaunar da ƙwallon a cikinta, na ajiye rim a gefe. Na gaishe shi na ce, “Baba, ga kujerarka na kawo maka, ga kuma ƙaninta.”

Ya daɗe yana kallon rim ɗin. Bello na tsaye a bakin ƙofa, ya ce a hankali, “Yaya Ummaru, wanga bai yi wa Baba ƙanƙanta ba? Mutane su ce mun rena shi.”

Tsohon ne ya ba shi amsa. “Ka taɓa ganin tayar tirela ga keke?” Sannan ya miƙo hannun dama ya danna ƙwallon da babban yatsa, ya karkata kai. “Iska ta yi kaɗan.”

Na ce, “Hanyar rairayi za mu hwara bi, Baba.”

Bai yi dariya ba, amma ya ce a tashe shi. Muka ɗora shi, tafin ƙafarsa biyu suka sauka ƙasa daram. Babban ƙwallon nan kuwa bai yi asara ba, daga baya wani dogon Bafulatani mai ciwon baya ya same shi, kamar don shi aka yi.

Daga ranar kullum da safe sai in rufe rumfa rabin wuni in tafi. Inna Hauwa ta share ɗaki, ta saki labule don kada surukai su gani. Da farko zama kawai, ni a hagu Bello a baya, har sai ya ce ya gaji. Sai muka koma jirkita nauyi, dama, hagu, gaba, baya. Sai a ajiye buta a gefen da ya shanye a ce ya miƙa ya taɓo. Sai ɗaga diddige. Bello ya riƙa ɗaukarsa a waya yana tura wa Likita, ita kuma ta faɗi abin da za a ƙara da abin da za a bari. Ba kullum ake daɗi ba. Akwai ranar da ya tafi zai faɗi Bello ya rungume shi, ya yi fushi ya ce an riƙe shi kamar buhu, ya yi kwanaki ba ya ko kallon ƙwallon. Ni dai in je, in gaishe shi, in danna ƙwallo in ce ya saki, in ɗan ƙara iska in tafi. Rani ya wuce, bazara ta shigo, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Duk wanda ya zo daga ƙetare cewa yake Gwaggo Kulu sai dai addu'a.

Ranar da ya koma kan ƙwallon, yana zama ya dube ni. “Ka ƙara mai iska.”

“Kaɗan, Baba.”

“Ba kaɗan ba. Ina ji.” Ya gyara ƙafa. “Fidda tayar ga.”

Na ce sai Likita ta yarda. Ya ce in kira ta yanzu. Ta kalli hoton, ta ce a cire, amma mutum biyu kada su matsa ko nan da can. Da muka cire tayar ƙwallo ya samu 'yanci, yana motsi ko'ina, tsohon yana bin sa da ƙugu, zufa na zuba. Can sai ya ce in durƙusa a bayansa in riƙa turin ƙwallon da gwiwa. Shi ya ƙirƙiro wannan, ba ni ba, ba Likita ba, ita dai da ta gani ta ce a ci gaba a hankali. Ya rufe ido ya kama faɗin hanyar ƙauyen yayarsa daga ka. “Nan rairayi, girgiza. Nan saiwar tsamiya, tura sama. Nan gangaren rafi, kai ni gaba.” Ni ina turi, shi yana tafiya Benin a cikin ɗakinsa, Inna Hauwa tana bayan labule tana dariya tana share ido. Bayan nan muka gwada shi a mashin a tsaye ba a tayar ba, sannan zagayen gida.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Baba ya ce gobe. Da safe Bello ya fito da mashin, na ga bakin rawani yana leƙowa daga jakarsa. Tsohon ma ya gani. Ya ce, “Naɗa shi ga kanka, rana za a yi.” Ya dogara sanda ya zo wajen tayar baya. Ya sa hannun dama ya kamo na hagu, ya ɗora shi a kan tayar, ya danna da wannan yatsan da aka ce ya mutu. Ya ce in rage. Na rage.

Bello ya ja, ni ina biye da famfo da kayan faci. Duk tafiyar nan bayan Baba Manu nake kallo. Hannun dama a kafaɗar ɗansa, na hagu a cinya, ƙugu yana bin mashin yadda ya saba bin ƙwallo. Muna tsayawa a inuwa ya huta, mu ci gaba. A rafi ruwa ya fara tafiya, ya kai idon sawu. Tayar gaba ta hau wani dutse, mashin ya karkata hagu, gefen da ba shi da ƙarfi, na ga tsohon ya tafi.  Sai na ga ƙugun nan ya ja, ya dawo tsakiya da kansa. Da muka hau tudu tofar da yawu kawai ya yi.

Mun sami Gwaggo Kulu kwance a ɗan gadon kara, ta zama ƙashi da fata. Aka ce mata ga Manu. Muka zaunar da shi a bakin gadon, ƙafafunsa a ƙasa. Ta miƙo hannu ta shafa fuskarsa, ta tsaya a gefen bakin da ya karkace. Sannan ta sauko ƙirjinsa tana lalube, ta zagaya har haƙarƙari, ta sake dawowa.

“An ce mani ɗaure ka aka yi,” in ji ta.

“Wancan karon, Yaya. Yau zaune na zo.”

Ta ce a tashe ta, ba ta gaisawa da baƙo a kwance. Mata suka ɗaga ta, wata ta ruga neman matashi, amma kafin a kawo tsohuwar ta riga ta jingina da abin da ke kusa da ita, kafaɗar ƙaninta ta hagu. Bello ya yunƙura zai tare uban ta baya. Na kama rigarsa. Baba Manu ya gyara tafin ƙafa a ƙasa, ya miƙe baya, ya ɗauke ta. Haka suka zauna, ta sha kunu, ta tambayi gona, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ta yi masa faɗa a kan cin gishiri. Ina ganin cinyarsa tana rawa, bai motsa ba har ta ce ta gaji a kwantar da ita. Ban taɓa gode wa Allah a kan sana'ata kamar ranar nan ba.

Muna dawowa ba da jimawa ba rafi ya cika. Ba wanda ya sake ƙetarowa sai wanda ya kawo labarin rasuwarta, da kwalekwale. Na tafi Geza gaisuwa. Na tarar da Baba Manu a ƙofar gida a kan tabarma, cikin mutane, ba bango a bayansa ba matashi. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya, na miƙa hannu. Ya karɓa da dama, sannan ya ɗago na hagun a hankali, ya ɗora babban yatsa a tsakiyar tafina ya danna, ya ɗan karkata kai.

“Ummaru,” ya ce, “iska ta yi daidai.”